Gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya: tambayoyin da maza ke jin nauyin yi, da amsoshinsu

Akwai lalurar da muke da ita a Bauchi da Gombe fiye da yadda mutane ke zato, saboda yawan masu sikila a cikinmu da kuma yadda maganin ƙarfin maza ya cika gari, amma ba a maganarta ko kaɗan. Gaban namiji ya miƙe babu sha'awa babu komai, ko kuma an gama biyan buƙata amma ya ƙi kwanciya, awa ɗaya, awa uku, har gari ya waye, ga azabar ciwo. A asibiti sunan da za ka ji likitoci na faɗa shi ne firayafizim. Ni aikin jinya nake yi, kuma abin da ya fi ci min rai a wannan ciwon shi ne yana da magani mai sauƙi in an zo da wuri, amma yawancin mutanenmu sai abin ya kwana biyu uku suke zuwa, lokacin da ɓarna ta riga ta auku. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi min, wasu a asibiti, wasu kuma a keɓe bayan an ja ni gefe ana rage murya.

Wai daga awa nawa ne za a ce abin ya zama matsala?

Awa 4. In ka manta komai kar ka manta wannan. Gaba ya miƙe ya kai awa 4 bai kwanta ba, toh ba maganar jira ba ce kuma, asibiti kai tsaye, ko ƙarfe biyun dare ne. Kuma in kana nesa da babban asibiti, misali kana Ningi ko Darazo ko Dukku ko Kaltungo, kar ka jira sai awa 4 ta cika sannan ka fara neman mota, da ka ga an kai awa 2 ga ciwo na ƙaruwa ka fara shiri, saboda hanya ma za ta ci nata lokacin.

Me ke faruwa a ciki ne har ya ƙi kwanciya?

A cikin gaba akwai wasu tsokoki guda biyu dogaye a jere ta sama, masu ƙananan ramuka a ciki, su ne ke cika da jini in namiji ya tashi. Akwai ta uku a ƙasa wadda hanyar fitsari ta ratsa ta cikinta, ita ce ta zama kan gaban. A al'ada jini ya shiga, hanyoyin fitarsa su matse na ɗan lokaci, in an gama su buɗe jinin ya koma jiki. Toh a wannan ciwon hanyar fita ce ba ta buɗe ba. Jinin ya maƙale, iskar da ke cikinsa ta ƙare, sabo kuma ba shi da wurin shiga. Kamar dai ka ɗaure yatsanka da roba tamau ka bar shi, da farko ya kumbura, sai ya yi duhu, sai ciwo, in ka bar shi haka naman zai fara mutuwa. Shi ya sa ma za ka ga sandar gaban ta yi tauri ƙam amma kan yana da taushi, domin shi kan ba cikin waɗancan biyun yake ba.

Duk iri ɗaya ne?

A'a, uku ne. Na farko shi ne wanda na bayyana yanzu, na maƙalewar jini, shi ne mai ciwo, shi ne mai haɗari, kuma shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na waɗanda ake gani. Na biyu yana biyo bayan buguwa ne a tsakanin cinyoyi, jijiyar da ke kawo jini ta fashe a ciki sai jini ya dinga kwarara ba tsayawa, shi wannan ba ya cika ciwo kuma gaban ba ya yin tauri sosai. Na uku shi ne mai zuwa yana tafiya, ya zo da asuba ya yi awa ɗaya ko biyu da ciwo ya kwanta da kansa, gobe ko jibi ya dawo, wannan masu sikila ne suka fi fama da shi. Amma fa kai da ke gida ba kai za ka yanke hukuncin wanne ne ya same ka ba, likita ne zai tantance.

Me ke jawo shi?

A nan wajenmu sikila ce kan gaba, nesa ba kusa ba. Bayanta sai magunguna. Akwai maganin ƙarfin maza, musamman wanda ake yin allurarsa a jikin gaban kai tsaye. Akwai wasu magungunan taɓin hankali irin su Largactil da makamantansa, da tarazodon da ake bai wa masu damuwa ko rashin barci, da wasu magungunan hawan jini da na kumburin furostet (wani ƙulli da ke ƙasan mafitsarar namiji), da magungunan tsinka jini. Kayan maye ma suna ciki, hodar iblis, wiwi, giya. Sai cutar dajin jini, wani ma ta wannan hanyar ake fara gano yana da ita, ya zo da gaba a miƙe a auna jininsa a ga fararen ƙwayoyin jini sun yi yawan da ya wuce misali. Rauni a lakar baya yana kawo shi, harbin kunama ma a wasu lokuta. Kuma akwai da dama waɗanda za a yi duk binciken ba a gano dalili ba.

In maganin asibiti kake sha kuma kana zargin shi ne, kar ka yanke shi da kanka musamman na ƙwaƙwalwa, ka koma wa likitan da ya rubuta maka ya canza maka wani.

Ɗana sikila ne, shekararsa 9. Ai yaro ƙarami ba zai samu wannan ba ko?

Hajiya, yana samu. Har ɗan shekara 5 ko 6 yana samu, domin abin ba ruwansa da balaga ko sha'awa, jini ne ya toshe hanya kamar yadda yake toshewa a ƙashi ya sa shi ciwon ƙafa da baya. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowacce yawan masu sikila a duniya, ana ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikilar daga ɗaya cikin iyayensa amma ba ya ciwon. A cikin maza masu SS kuwa, wato masu ciwon sikilar kansa, kusan 1 cikin 3 ko ma fiye zai gamu da wannan matsalar a rayuwarsa. Kin ga kenan ba abu ne na nesa ba.

Matsalar ita ce yaro ba zai faɗa miki ba. Yana jin kunya, ko yana tsoron a ce ya lalace a zane shi. Ke za ki lura. Za ki ga ya farka tun kafin kiran assalatu yana juye-juye a shimfiɗa, ko ya je bayi ya daɗe bai fito ba, ko ya zauna a lungu ya duƙunƙune ya ja riga ya rufe gwiwoyinsa, kin ce tashi ka shirya makaranta ya ce cikinsa ke ciwo, in ya tashi kuma yana tafiya a sunkuye yana ware ƙafa. In kin ga haka ki ja shi ɗaki ku biyu ki tambaye shi a hankali, ko ki sa babansa ko kawunsa da ya saba da shi ya tambaye shi. Mafi kyau ma tun kafin ya faru a zaunar da shi a ce mishi: wane, in ka ga abinka ya tashi yana ciwo ya ƙi kwanciya, ba laifinka ba ne, ciwonka ne ke kawo shi, ka zo ka faɗa mana ko da tsakar dare ne ba wanda zai yi maka faɗa. Dan Allah iyaye a daina dukan yara a kan wannan. Kuma in yaron yana makarantar kwana ko tsangaya, a sanar da wanda ke kula da shi.

Maganin maza da nake saya a kemis ko wajen masu talla a mota, zai iya jawo min?

Zai iya. Shi sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, in likita ne ya rubuta aka sha daidai ƙa'ida ba kasafai yake kawo wannan ba, gaskiya kenan. Inda ake samun matsala shi ne yadda samarinmu ke yi, ango zai shiga ɗaki abokai su haɗa mishi ƙwaya biyu uku, a ɗora da tiramol, a ɗora da wani jiƙo na gora da ba wanda ya san abin da ke ciki. Su kuma masu lasifika a tasha da bakin kasuwa da ke rantsuwa cewa nasu zallar itace ne, burantashi ne na gado, ba duka ne ke faɗin gaskiya ba, an sha gano irin waɗannan haɗe-haɗen da garin ƙwayar bature a ciki ba tare da an rubuta ba, hukumar NAFDAC ma ta sha jan kunne a kan magungunan ƙarfin maza marasa rajista. Kai da ba ka san adadin da ka sha ba ta yaya za ka san ka wuce iyaka? In kuwa kana da sikila toh ka yi nesa da su gaba ɗaya sai abin da likitanka ya ba ka. Allurar da ake yi a jikin gaban ita ta fi duka haɗari, kar ka yarda wani ɗan kemis ya yi maka ita.

Me zan iya yi a gida kafin in tafi?

A awa ɗaya zuwa biyun farko: ka yi fitsari, ka sha ruwa sosai, ka tashi ka zagaya da sauri ko ka hau bene ka sauko in akwai, ka yi wanka da ruwa mai ɗumi, ka sha farasitamol. Wannan yana taimaka wa wasu, musamman masu irin wanda ke zuwa yana tafiya. Amma idonka na kan agogo. Bai kwanta ba, ka sa babbar riga ka fita. Kuma kar ka cika ciki da abinci ko da za a buƙaci shiga tiyata.

An ce a ɗora ƙanƙara.

In kana da sikila kar ka kuskura, sanyi na ƙara sa jininka ya toshe. Ga wanda ba sikila ba ma ba abin dogaro ba ne a irin mai ciwon nan.

In na sadu da iyalina ko na fitar da maniyyi ba zai kwanta ba?

Yawanci ba ya kwanciya, sai ma ƙarin ciwo da ɓata lokaci. Ba sha'awa ce ta riƙe shi ba balle biyan buƙata ya sake shi. Kuma ke 'yar'uwa, in kin ga maigida a wannan halin kar ki ɗauka wasa ne ko ƙarfi ne ya ƙaru, kar kuma ki tsaya tuhumar me ya sha ko don wa ya sha, wannan maganar a yi ta daga baya. Sau da yawa matar ce ke matsa wa miji har ya yarda ya fito, shi kam in an bar shi sai ya ce bari mu ga zuwa gobe.

Wasu sun ce asiri ne aka yi min, ko aljana ce. In fara zuwa wajen malam?

Ɗan'uwa, ba zan ce maka kar ka yi addu'a ba, yi, a yi maka tofi a cikin mota kuna tafiya. Amma jinin da ya maƙale sai an zuƙe shi, kuma kowace awa da ta wuce nama ne ke lalacewa. Addininmu ma ai ya ce a nemi magani. Abin da ke ɓata min rai shi ne mutum ya kwana biyu ana mishi turare ana shafa mishi wani abu, wani har a tsattsaga mishi da aska ko a gasa wurin da ruwan zafi, sai a zo mana da ciwo biyu, na ciki da kuma gyambon da aka yi a waje.

Toh a asibiti me za su yi min? Gaskiya ina tsoro.

Bari in faɗa maka dalla-dalla don tsoron ya ragu. Za a tambaye ka tun ƙarfe nawa ya fara, akwai ciwo ko babu, me ka sha, kana da sikila, ka taɓa samun irin haka, ka bugu a wurin. Ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, ba wanda zai kai ƙararka gida, kuma abin da ka sha yana canza yadda za a kula da kai. Za a duba ka, a ɗebi jini a hannu don gwaji har da na jinotayif, wanda ke nuna ko kana da sikila, in ba ka san naka ba, a ba ka maganin ciwo mai ƙarfi.

Daga nan sai a yi maka allurar kashe zafi a gindin gaban, wurin ya mutu ba ka jin komai sai taɓawa. Sai likita ya soka allura a gefen sandar ya fara zuƙo jinin da sirinji. Wanda bai taɓa gani ba zai tsorata, jinin na fitowa baƙi ƙirin mai kauri, wani lokaci da guda-guda, sirinji bayan sirinji ana zubarwa a kwano. Wannan baƙin shi ke nuna jinin ya daɗe babu iska, inda akwai na'urar auna iskar jini ma ana kai shi a tabbatar. Ana zuƙa ana ɗura ruwan gishirin asibiti ana wanke ciki, a hankali sai ka ga launin ya fara canzawa daga baƙi zuwa ja mai haske, gaban ya fara sakin jiki a hannun likita, shi kuma mara lafiyan da ya shigo yana cije leɓe yana gumi sai ka ji ya sauke ajiyar zuciya. A nan mu ma hankalinmu ke kwanciya.

In zuƙar kaɗai ba ta wadatar ba sai a sa wani magani ta cikin allurar, sunansa fenilefirin, shi ke sa tsokar ta tsuke ta kori jinin. Ana sa kaɗan-kaɗan duk bayan minti 3 zuwa 5, ana iya ci gaba har kusan awa guda. Inda babu shi ana amfani da adirenalin da aka tsarma sosai. Wanda ya zo da wuri yawanci a nan maganar ke ƙarewa, a naɗe wurin da bandeji, a sa ido a kansa na ɗan lokaci, wani ma ranar zai koma gida.

Ga mai sikila ana haɗawa da ƙarin ruwa, da iskar oksijin in da buƙata, da maganin ciwo, wani lokaci har da ƙarin jini ko musayar jini. Amma ga wani abu da nake so 'yan'uwan mara lafiya su sani: ƙarin ruwa kaɗai ba ya wadatarwa in abin ya wuce awa 4. Kar a kwantar da yaro a rataya mishi ruwa a ce a jira zuwa safe. Ku tambaya cikin ladabi, likita yaushe za a zuƙe jinin? In ba a iya yi a nan ku nemi takardar tura ku gaba nan take.

Ita allurar ba ta da illa?

Tana da 'yan abubuwa amma ƙanana ne in aka kwatanta da barin ciwon. Wurin zai iya kumbura ya tara jini a ƙarƙashin fata na 'yan kwanaki. Maganin da ake sawa yana iya ɗaga hawan jini, ya sa ciwon kai ko bugun zuciya, shi ya sa ake ɗaura maka abin awon jini a hannu ana dubawa duk lokacin. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya ka faɗa tun farko. Ƙwayoyin cuta na iya shiga in ba a yi da tsafta ba, wannan ma dalili ne na kar a yi shi a shagon kemis.

In an yi duk wannan bai kwanta ba fa?

Sai tiyata. Abin da ake yi shi ne a buɗe wa jinin wata ƙofar fita. Tunda kan gaban hanyar jininsa a buɗe take, sai a huda ta cikin kan zuwa cikin tsokokin nan biyu, jinin ya samu wurin bi. Akwai wadda ake yi da allura mai kauri, ana kiranta da sunan likitan da ya ƙirƙiro ta, Winter, akwai wadda ake yi da ƙaramar wuƙar tiyata, akwai kuma ta Al-Ghorab wadda ake yanka kan a cire ɗan ƙaramin yanki na bangon tsokar sannan a ɗinke. In waɗannan sun gaza akwai wasu da ake yi ta can gindi, amma yanzu ba a cika zuwa gare su ba. Bayan tiyata gaban zai iya zama kamar a kumbure na kwanaki ko da jinin ya fara gudana, kar hankalinka ya tashi, ciwon ne zai fara raguwa tukuna.

Mutane da yawa in aka ce tiyata sai su ce a'a kar a kashe musu gaba, wani har ya sa hannu ya fice. A fahimta: in aka samu rauni bayan tiyata, galibi daɗewar da jinin ya yi a maƙale ne ya jawo, ba wuƙar likita ba. Shi ya sa ma likita ke faɗa maka wannan kafin ya fara, ba wai yana wanke kansa ba ne.

Wace illa ce ke samun wanda ya yi jinkiri?

Babbar ita ce mutuwar gaba, wato ya kwanta daga baya amma ya daina tashi, ko ya dinga tashi rabi-rabi. Lalacewa na farawa a hankali tun daga awa 4 zuwa 6. Wanda aka yi wa magani kafin awa 12 yawanci yana komawa daidai. In aka kai awa 24 tsokar ta fara mutuwa sosai, kuma mafi yawan waɗanda suka wuce kwana guda cur suna samun rauni, wasu alƙaluman likitoci na kai shi har kashi 90 cikin 100. Bayan awa 36 zuwa 48 kuwa da wuya ƙarfin ya dawo da kansa ko da an samu ya kwanta.

Dalili shi ne naman da ya mutu ba ya dawowa, tabo ne ke maye gurbinsa, tabo kuma ba ya buɗewa ya karɓi jini. Sai ka ji wurin ya yi tauri-tauri a ciki ko da a kwance yake, wani ya lanƙwashe, wani ya gajarce ya sirance. Akwai riƙewar fitsari lokacin da abin ke kan ganiyarsa har sai an sa roba. A wasu 'yan kaɗan, musamman in an tsaga ko an ɗaure wurin ko ƙwayoyin cuta sun shiga, naman kan ruɓe har a rasa wani sashe.

Sai illar da ba a gani da ido. Saurayi ɗan shekara 22 a ce mishi gabansa ba zai ƙara aiki yadda ya saba ba, ka san abin da wannan ke nufi a al'ummarmu, ana ta yi mishi maganar aure yana kaucewa ba wanda ya san dalili, wani ya daina shiga mutane, wani auren ya mutu ana ta zargin matar ko ana cewa an ɗaure shi. Masu irin mai dawowa kuma har tsoron barci suke yi. Wannan ma ciwo ne da ke buƙatar a yi maganarsa da likita, ba rauni ba ne namiji ya ce abin na damunsa.

Nawa ya kwana 3 sannan ya kwanta da kansa. Yanzu kuma ba ya tashi. Shikenan na rasa?

Ba a ce shikenan ba, amma ka je wajen likitan mafitsara kar ka koma wa masu jiƙo, su ne za su cinye maka kuɗi a banza. Za a duba yawan tabon, wani ana gwada shi da ƙwayoyi a ƙarƙashin kulawa ya samu sauƙi in ɓarnar ba ta yi yawa ba, akwai kuma famfon da ke jawo jini. In duk ba su yi ba akwai na'urar da ake dasawa a cikin gaban ta hanyar tiyata, akwai mai lanƙwasuwa wadda kake miƙarwa da hannu ka kwantar, akwai mai famfo a ɓoye. Da ita mutum na iya saduwa da iyalinsa, yana jin daɗi yana kuma fitar da maniyyi. Gaskiya tana da tsada ƙwarai kuma ba kowane asibiti ake yi ba a ƙasar nan, amma ka sani akwai ta. Kuma dasa ta da wuri, cikin makonnin farko, ya fi sauƙi a kan bayan watanni lokacin da tabo ya riga ya ƙanƙame wurin, don haka in za ka nemi shawara yanzu ne.

Zan iya haihuwa?

Ƙwayoyin haihuwa a 'ya'yan maraina ake yin su, wannan ciwon bai taɓa can ba. In gaban na aiki, ko an gyara shi, haihuwa na nan in Allah ya kawo.

Nawa yana zuwa duk asuba ya yi awa ɗaya ya tafi. Tunda yana kwanciya ai ba komai ko?

Da komai. Wannan gargaɗi ne, sau da yawa babban yana zuwa ne bayan irin waɗannan ƙananan, kuma su kansu in sun yi yawa suna barin tabo a hankali. Ka samu ɗan littafi ko wayarka ka dinga rubuta ranar da ya zo, ƙarfe nawa, ya yi minti nawa, ka kai wa likitanka na sikila. Ka dinga shan ruwa sosai musamman lokacin zafin Maris da Afrilu da kowa ya san yadda yake a Gombe, ka yi fitsari kafin ka kwanta, ka rufa da kyau lokacin hunturu, ka yi maganin zazzaɓi da wuri, ka bar sigari da kayan maye. Maganar azumi kuma ka tattauna da likitanka kafin watan ya kama, rashin ruwa a jiki na tayar da sikila, kuma mara lafiya na da rangwame.

Akwai magungunan rigakafi. Haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila na rage tashin ciwon gaba ɗaya kuma wasu na samun sauƙin wannan ma, sai dai yana iya rage ƙwayoyin maniyyi, don haka mai neman haihuwa ya faɗa wa likita. Akwai ƙwayoyin da ke tsuke jijiyar jini da ake sha da dare, akwai masu rage sinadarin namiji amma su ba a ba yaron da bai gama girma ba. Wani abin mamaki, akwai likitocin da ke ba da sildenafil ɗan kaɗan kullum da safe a matsayin rigakafi, amma wannan aikin ƙwararre ne, kar wani ya karanta nan ya je ya saya.

Na faɗi a kan ƙarfen keke, bayan kwana biyar gabana ya ɗan miƙe ya ƙi sauka amma babu ciwo.

Wannan ya yi kama da nau'i na biyu, kuma haka yake yi, ba lallai ya fito ranar da aka bugu ba, sai bayan kwanaki ko ma mako biyu. 'Yan acaɓa da masu aikin gini da suka faɗa kan katako ko ƙarfe suna samu. Tunda jini mai iska ne ke zagayawa naman ba ya mutuwa da sauri, kuma da yawa suna warkewa da kansu. Duk da haka ka je yau a yi maka sikanin a tabbatar, in ya ƙi tafiya akwai aikin da ake bi ta jijiyar cinya a toshe inda ya fashe.

Mata na samun irinsa?

Suna samu a ɗan tsakarsu amma da wuya ƙwarai, yawanci ta dalilin magani. In kumburi da ciwo ya daɗe a wurin ita ma ta je asibiti.

Ina zan je a Bauchi ko Gombe, kuma me zan ce a bakin ƙofa? Kunya ba za ta bar ni in faɗa gaban mutane ba.

A Bauchi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, mutanen Katagum da kewaye kuma akwai asibitin tarayya na Azare. Sashen gaggawa za ka nufa, imajansi, ba layin ganin likita na yau da kullum ba, kuma a buɗe yake dare da rana har Asabar da Lahadi. In kana nesa ka fara da janar asibitin da ya fi kusa da kai, zuƙar jinin ba sai babban ƙwararre ba, likitan da ya iya zai yi, in ba za su iya ba su tura ka gaba ba tare da ɓata lokaci ba.

Ba sai ka ɗaga murya ba. Ka matsa kusa da nas ka ce, ina da matsalar gaggawa ta maza, ina son ganin likita a keɓe, ta kai awa kaza. In bakinka ya yi nauyi rubuta a waya ka miƙa mata, ko ka je da ɗan'uwa ko aboki ɗaya da ka yarda da shi ya yi maganar. Abin da ba na so shi ne ka ce cikinka ke ciwo, domin sai a sa ka a layi ka zauna awa uku a benci. Ka faɗi adadin awannin, shi ke sa a tashi tsaye. Ka tafi da kwalin ko gorar duk abin da ka sha, da katin asibitinka in kai sikila ne, da katin inshorar lafiya in kana da shi, da ɗan kuɗin da ya samu a hannu don kati da kayan aiki, sauran 'yan'uwa su biyo ka da shi daga baya.